Ba Laifin Jirgi Ba Ne, Alhaji

Ku ɗan matso da kujerunku, wannan magana ba ta son ɗaga murya. Alhaji, ajiye wayar nan tukuna. Na san abin da kake leƙawa, kuma na san abin da za ka ce: tun da ka tare a Lugbe jiragen sama suka hana waifai ɗinka sakat. Kusan duk wanda ke zaune a kan hanyar filin jirgi haka yake faɗa. Jirgi ya gifta ta saman rufi, bidiyo ya tsaya cak, shi ke nan an samu mai laifi. To yau ni zan wanke jirgin, in nuna muku inda gizo ke saƙa, domin abin da ke damun Alhaji shi ke damun Likita a Gwarinpa da Barista a Wuse II, kuma su jirgi ba ya bi ta kansu yadda yake bi ta kansa.

Rautar da ke falonku, in dai ba tsohuwa ce tukuf ba, zango biyu take watsawa. Akwai na gigahaz 2.4, mai nisan zuwa da ratsa bango amma mai cunkoso da nawa, akwai kuma na gigahaz 5, mai gudu amma mai gajeren zango. Shi ne wanda sunansa kan ƙare da 5G a jerin da waya ke nunawa, kuma ba ruwansa da 5G ɗin da MTN ta ƙaddamar a 2022. Wancan na kamfanin waya ne, a kan zangon 3.5 yake. Kowane zango an yayyanka shi tasha-tasha, an sa musu lambobi. A zangon 5, lambobin sun fara daga 36, 40, 44, 48. Daga nan sai 52 zuwa 64. Sai a yi tsalle zuwa 100, a tafi har 140. Can ƙarshe kuma akwai 149 zuwa 161, wasu na'urorin har 165.

To ku riƙe na tsakiyan nan, 52 zuwa 64 da 100 zuwa 140. Waɗannan tashoshin ba na waifai ba ne tun asali. Masu rada ne suka riga kowa zama a wurin: radar hasashen yanayi, da wasu na soja. A 2003, a babban taron rabon zangunan rediyo na duniya da aka yi a Jeniba, aka amince waifai ya shigo ya raɓa, bisa sharaɗin cewa duk lokacin da ya ji motsin rada zai ba ta wuri. Sharaɗin nan shi ne haruffa ukun da za ku gani a jikin wasu tashoshi in kun buɗe shafin saitin rauta, wato DFS. Abin ya yi kama da tuƙi a kan titin Shehu Shagari: kana da ikon bin hanya, amma da ka ji jiniya sai ka kauce, ba a tambayar ko sauri kake yi.

Sharaɗin kashi uku ne, kuma kowanne yana da irin ciwon kan da yake jawowa. Kafin rauta ta fara watsawa a irin wannan tasha, dole ta yi shiru ta kasa kunne na daƙiƙa 60. In tashar ta faɗa tsakanin megahaz 5600 da 5650, wato 120 da 124 da 128, inda radar yanayi ta fi zama, ƙa'idar Turai ta ce sauraron minti 10 ne cur, kuma na'urori da yawa da ke shigowa kasuwarmu ƙa'idar Turai suke bi. Bayan ta fara aiki ma ba ta daina sauraro ba: da zarar ta ji bugun da ya yi kama da na rada, tana da daƙiƙa 10 ta tattara ta bar tashar. Sannan ba ta da ikon komawa sai bayan minti 30. Duk wanda ke kan Zoom a wannan lokacin, fuskarsa za ta daskare a allon mutane, baki a buɗe.

Likita, na ga kana murmushi, don ka gane inda na dosa. Ai mu nan Abuja kashi na farkon ne ke cin mu, kuma ba rada ce ke jawo shi ba. Wuta ce.

Ku tuna yadda abin ke faruwa. Ana zaune, fanka ta fara rage gudu, firji ya yi tsit. Maigadi ya ruga bayan gida, janareta ya yi tari sau biyu ya kama, aka juya layi. Rauta ta mutu ta farfaɗo. Fitilunta suka fara ƙyaftawa ɗaya bayan ɗaya, ta wuta, ta intanet, ta waifai. Sunan zangon 2.4 ya bayyana nan da nan, domin shi ba a ɗora masa sauraron kowa ba. Na 5 kuwa shiru, yana can yana cika umarnin Jeniba. Wayoyin gidan, da talabijin, da kwamfutar yara, duk ba su da haƙurin jira, sai su yi caa a kan 2.4. Bayan minti ɗaya ko goma zangon 5 ya fito, amma da yawa daga cikin na'urorin sun riga sun kama waje, ba za su tashi da kansu ba. Sai ka ga gida guda ya cunkushe a zango mai nawa, zango mai gudu yana zaune ba kowa. Can an dawo da wuta, an sake juya layi, rauta ta sake mutuwa, aka koma gidan jiya. Waɗanda suka tsara dokar nan sun tsara ta ne da tunanin rautar da za ta yi wata da watanni ba a kashe ta ba. Tamu kuwa a yini guda sai ta mutu ta tashi fiye da yadda ta Bajamushe za ta yi a shekara.

Shi ya sa nake cewa kafin mutum ya zargi kamfanin da ke ba shi intanet, ko ya sake ɗaukar kuɗi ya nufi Banex sayen sabuwar rauta, ya fara duba lambar tashar da yake kai.

Barista, tambayarka tana kan hanya: to me ya sa za a takura wa miliyoyin mutane saboda wata na'ura da ba su taɓa gani ba? Bari in ɗan tsaya a nan, don wurin ya cancanci tsayawa. Radar yanayi aikinta ta harba bugu mai ƙarfi cikin sama, sannan ta yi shiru ta saurari ɗan amsa-kuwwar da ɗigon ruwa zai maido mata daga nisan kilomita masu yawa. Abin da ke dawowa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, don haka kunnenta a buɗe yake fiye da kima. In wata na'urar waifai ta yi magana a kan zangonta, sai wani dogon zane ya tsaga hoton da radar ke nunawa tun daga tsakiya har baki, duk hadarin da ke ta wannan fuskar ya ɓuya a bayansa. Hukumar yanayi ta Afirka ta Kudu ta sha fama da wannan, har ya zama ɗaya daga dalilan da suka sa ta koma ga radar da ke aiki a wani zango daban. A Amurka ma, a 2009, an gano cewa na'urorin intanet na kan hasumiya suna dagula radar yanayi ta filin jirgin San Juan, kuma hukumar sadarwarsu ta ci tarar kamfanoni a kan irin haka. Ita wannan radar ta filayen jirgin Amurka an ƙirƙiro ta ne bayan haɗura irin na jirgin Delta da ya faɗi a Dallas a 1985, lokacin da wata iska ta rufto daga cikin hadari ta danne shi yana shirin sauka.

Mu kuwa ba sai an kai mu Dallas ba. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, jirgin ADC ya tashi daga nan filin jirgin Nnamdi Azikiwe zai tafi Sakkwato, bai yi nisa ba ya faɗo a cikin gona. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi. Bincike ya nuna juyin iska na bazata, irin wanda ke zuwa da hadari, yana cikin musabbaban haɗarin. Shekara guda kafin nan, a Disambar 2005, jirgin Sosoliso da ya taso daga Abuja ya faɗi a Fatakwal cikin mummunan yanayi, ɗauke da ɗaliban makarantar Loyola. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bayan waɗannan haɗura ne aka ƙara matsa lamba a kan hukumar NiMet, wadda hedikwatarta ke nan cikin filin jirgin, ta kafa na'urorin gano juyin iska da radar yanayi. Don haka in na ji mutum yana tsaki wai rauta ta sa shi jiran minti ɗaya saboda rada, nakan ce masa wannan minti ɗayan ba shi da tsada.

Amma fa kada wannan ya sa Alhaji ya ce ai ga shi nan, maganarsa ta fito. Ba ta fito ba, ranka ya daɗe. Radar da ke lura da zirga-zirgar jirage, irin wadda hukumar NAMA ke aiki da ita, ba a zangon 5 take ba. Wadda ke hango jirgi kusa da fili tana aiki ne wajen gigahaz 2.7 zuwa 2.9, wadda ke tambayar jirgi sunansa da tsayinsa kuma tana kan megahaz 1030 da 1090. Radar da ke hancin jirgin kansa, mafi yawanci can sama take wajen gigahaz 9. Ita ma radar yanayi iri-iri ce: akwai mai zama a 5.6, akwai mai zama ƙasa da 3, wadda ba ta haɗa hanya da tashoshinmu ko kaɗan. Rautarka ba ta san wacce aka kafa a garinku ba, ba ta ma san ko akwai ba. Doka aka cusa mata tun daga masana'anta, za ta bi ta ko a Lugbe take ko a Abaji.

Ga kuma wani sirrin da masu sayarwa ba sa faɗa: rauta takan yi mafarkin rada. An gina ta ne a kan gara ta gudu a banza da ta tsaya a kan kuskure, don haka wani ƙaran lantarki, ko wata na'urar maƙwabci mai watsawa da ƙarfi, kan iya sa ta ɗauka rada ce ta tsere. Masu arha sun fi yawan wannan firgita. In kana son ka kama ta dumu-dumu, shiga shafin saitinta. Juya ta ka duba takardar da ke manne a ƙasanta, za ka ga adireshi, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, da sunan shiga da kalmar sirri. Ka rubuta adireshin a burauza, ka nemi wurin da take ajiye tarihin abin da ya faru da ita. In ka ga layin da ya ambaci rada ko DFS daidai lokacin da kiranka ya yanke, ka gama bincike. Ko da rautar ba ta ajiye tarihi, akwai alama: ka sa ta a 100 da dare, ka wayi gari ka same ta a 36. Wani abu ya kore ta.

To wace tasha za a zaɓa? Ni ra'ayina a fili yake. Mai gida tsayayye, da katanga da fili tsakaninsa da maƙwabta, kamar yawancin gidajen Gwarinpa ko Lokogoma, ba abin da ya kai shi tashoshin rada. Ya cire rautar daga kan zaɓin kai-da-kai, ya kafe ta a rukunin 36 zuwa 48, ko 149 zuwa 161 in tana da su kuma na'urorin gidan suna ganinsu. Ba jira bayan an juya layi, ba gudun tsakar dare. Bulo da kankaren da muke gini da su suna shanye zangon 5 sosai, har waifai ɗin maƙwabci kan iso ɗakinka a galabaice, don haka ko kun haɗu a tasha ɗaya ba wani abin tashin hankali ba ne.

Barista kuwa nasa daban ne. Ofishinsa yana bene mai ofisoshi rututu, kowane ɗaki da rautarsa, bango kuma na katako da gilashi. Ya sauke manhajar duba tashoshi a wayar Android, irin su WiFi Analyzer, zai ga duk maƙwabtansa sun taru sun hau kan 36 zuwa 48, tsakiyar kuwa fayau. A irin wannan wuri tashoshin rada garaɓasa ce. Ya gwada 52 zuwa 64, ko 100 zuwa 112, ya bar ta mako guda yana lura. In ba ta gudu ba, ya samu fili shi kaɗai. Abin da zai guje wa kawai shi ne 120, 124 da 128, saboda jiran minti goman nan. Kuma ya sayi ɗan batirin nan na rauta, wanda ake jona shi tsakaninta da soket, mai riƙe ta sa'o'i in an ɗauke wuta. Matuƙar rautar ba ta mutu ba, kuma ba abin da ya kore ta daga tashar, ba za ta sake zaman sauraro ba. A gaskiya ko wace tasha mutum yake, batirin nan ya fi sabuwar rauta amfani a garin nan. Wanda ke da inbata ko sola ya tabbata soket ɗin rautar yana kan layin da ba ya yankewa.

Akwai tarkon da ya kama mutane da yawa masu son gudu, shi ne faɗin tasha. A shafin saiti za ka ga 20, 40, 80, a sababbin rautoci har 160. Ido yana ganin 160 sai rai ya biya. To ku yi lissafi da ni. Kowace tasha faɗinta megahaz 20 ne, don haka 80 na nufin an haɗe tasha huɗu, 160 kuma takwas. Tashoshin da ba ruwansu da rada a farkon zangon huɗu ne kacal, 36 zuwa 48. Ka ga ke nan duk wanda ya zaɓi 160, ko da ya rubuta 36 da hannunsa, ya miƙe ƙafa har 64, ya shiga gonar rada, dokar ta hau kansa. Haka wanda ya zaɓi 116 da faɗin 80: ya kwaso 120 zuwa 128 bai sani ba, ga minti goma ta same shi. Kuma me za a yi da 160 ɗin? In intanet ɗin da kake biya bai wuce megabit 50 ko 100 ba, faɗin 40 ma ya ɗauke shi har da saura. Ni 80 nake ba da shawara a gida, 40 a wuri mai cunkoso.

Yanzu ga maganar da ta sa na ce a matso. Akwai yaran da za ka kai wa rauta su ce maka, “Alhaji, kawo in buɗe maka ita,” su shiga su canja ƙasar da aka saita ta a kai, ko su ɗora mata wata manhajar da ke kashe sauraron radar gaba ɗaya. Kada ku yarda. Jerin tashoshin da rauta ke nunawa da ƙarfin da take watsawa sun danganta da ƙasar da aka gaya mata tana ciki, kuma a nan hukumar NCC da ke Maitama ce ke da hurumin faɗin abin da ya halatta. Ban ce rautar falo za ta kayar da jirgi ba; waɗanda aka fi kamawa da dagula rada a duniya su ne masu faranti a kan dogon ƙarfe, masu harba intanet daga unguwa zuwa unguwa, kuma su ne ya kamata su fi kowa jin tsoron Allah a kan wannan. Amma ko ta fuskar amfanin kanka, wayon ba ya biya. Wayarka da talabijin ɗinka su ma suna da nasu jerin. Sai ka tura rauta wata tashar da su ba su san da ita ba, ka zauna kana mamakin yadda waifai ya ɓace a na'ura ɗaya yana nan a ɗaya.

Wannan ma shi ne amsar abin da Hajiya ta aiko a tambaya, wai talabijin ɗinta ba ya ganin zangon 5 alhali wayarta tana gani. Talabijin da yawa, da 'yan sandunan kallo da ake soka musu, da wasu na'urorin buga takarda, ba su san tashoshin rada ba sam. Masu ƙera su sun guje wa wahalar gwajin. Wasu kayan da aka yi don kasuwar Turai kuma ba sa ganin 149 zuwa sama. Kayanmu kuwa kowa ya san daga ko'ina suke: wannan na hannu ne daga Amurka, wancan daga Dubai, wancan daga Sin. Rukunin da kusan kowace na'ura ta yarda da shi shi ne 36 zuwa 48. A maida rautar can, talabijin zai gan ta.

Zangon 2.4 ba shi da matsalar rada, don haka ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. A zaɓi 1 ko 6 ko 11, a bar faɗin a 20, a nisanta rautar da na'urar ɗumama abinci, wadda ita ma a wannan zangon take aiki. A guji 12 da 13, don kayan Amurka da yawa ba sa ganinsu. In rautar ta haɗe zangunan biyu a suna ɗaya, ni nakan raba su, in ba kowanne sunansa, in sa talabijin da kwamfutar aiki su san na 5 kaɗai. Ta haka ko an juya layi za su jira shi, ba za su zarce 2.4 su yi zamansu ba.

Saura waɗanda rautarsu ta kamfani ce, an kulle shafin saitin ko an ɓoye wurin canja tasha. Ta Starlink ma, wadda ta shigo ƙasar nan a farkon 2023, ita ke zaɓar wa kanta tasha; wanda ke son iko da abinsa sai ya jona tasa rautar a bayanta. Sauran kamfanonin kuwa, galibi suna iya canja maka daga ofishinsu ba tare da sun zo ba. In ka kira, kada ka ce “intanet ɗina ba ya yi,” domin amsar da za ka samu ita ce kashe ka kunna, wanda a tashar rada ƙarin jira ne kawai. Ka ce a kafe maka zangon 5 a tasha 36, faɗi 80, a cire shi daga zaɓin kai-da-kai. In wanda ya ɗauki wayar ya yi shiru, ka roƙe shi ya haɗa ka da injiniyansu.